Tsohuwar Marsandi: Yadda Mai Ita Zai Kula da Ita, Ya Gano Cutarta, Ya Sa a Gyara

Tsohuwar Marsandi ba ta mutuwa farat ɗaya. Kafin ranar da za ta ajiye ka a bakin titi, sai ta yi makonni tana yi maka gargaɗi: ɗigon baƙin mai a inda ta kwana, allurar zafi da ta ɗan haura inda ta saba tsayawa, wani ɗan kuka a ƙafar gaba duk sanda ka murɗa sitiyari za ka shiga gida. Mai motar da ya iya karanta waɗannan alamu zai ci moriyarta shekara da shekaru. Wanda ya yi biris da su kuwa, shi ne za ka ji a majalisa yana cewa motar Jamus ba ta da aiki sai cin kuɗi.

Motar da nake hawa 300E ce ƙirar 1990, daga jerin da kamfanin Mercedes-Benz ke kira W124, mu kuma muke ce wa V-boot saboda yankan murfin but ɗinta. An fara fito da wannan jeri a ƙarshen 1984, aka ci gaba da ƙera shi har tsakiyar shekarun 1990, kuma a kansa zan gina yawancin bayanina. Amma mai 190, da mai W123 ko W126, da mai C da E na farko-farko, kowa zai tsinci motarsa a ciki, don jininsu ɗaya.

Ƙarkon waɗannan motoci abu ne da duniya ta shaida. Wani direban tasi ɗan ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, ya kai 240D ɗinsa ƙirar 1976 kilomita miliyan 4.6, yana gyara da sauya injin a kan kari, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Sai dai an ƙera motar ne don ƙasa mai sanyi, mai tsabtataccen mai, inda ake yin sabis bisa littafi. Mu kuwa muna tuƙa ta cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da man da ba kullum ake sanin asalinsa ba, ga shekara 30 da ɗoriya a kanta. Ƙarfenta yana nan daram. Abin da ke tsufa shi ne roba, da filastik, da waya, kuma daga nan ne kusan duk wata babbar ɓarna ke farawa.

Fara da sanin motarka

Abu na farko, kwafe lambar shasi ka ajiye a wayarka. Tana farawa da WDB, lambobi 6 da ke biye su ne ke faɗin ainihin ƙirar motar: 124023 ita ce 230E, 124030 ita ce 300E. Kada ka dogara da rubutun da ke manne a but, don ana sauya shi. Ka kuma san sunan injinka. M102 da M111 masu silinda 4 ne, M103 da M104 masu silinda 6, masu shan gas kuma sunansu na farawa da OM. Yawancin motocin da suka kai wannan shekaru an taɓa sauya musu injin ko giya, saboda haka ka sa a duba lambar da ke jikin injin ɗin kansa.

Abu na biyu, sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun dashbod. Duk abin da aka yi wa motar ka rubuta: rana, kilomita, abin da aka canza, sunan kamfanin da ya yi kayan, da kuɗin da ka biya. Bakanike yana ganin motoci goma a rana, ba zai tuna taka ba. Kai ne ƙwaƙwalwar motarka.

Abu na uku, in yanzu ka saye ta, ka ɗauka ba a taɓa yi mata sabis ba, ko me mai sayarwa ya rantse maka. Juye baƙin mai, da man giya, da man aksil na baya, da man birki, da ruwan lagireto. Canza filtar mai, ta fetur, da ta iska. Daga wannan rana lissafinka zai fara. Sauran gyare-gyare ka jera su haka: abin da ke tsayar da mota da juya ta, sai abin da ke sanyaya injin, sai abin da ke yoyo, sai jin daɗi irin su esi, fenti ne na ƙarshe. Mutane da yawa daga fenti suke farawa.

Zafi, babban abokin gaba

Kan silinda na waɗannan injina na alminiyom ne, a kan gangar jiki ta baƙin ƙarfe. Tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa shi ta ƙona gaskit. Don haka allurar zafi ita ce abin da idonka zai fi yawan komawa kai. Mazauninta tsakanin 80 da 90 ne. A cunkoso da rana, ga esi a kunne, tana iya taɓa 100, kuma kusa da 105 ya kamata fankar lantarki da ke gaban lagireto ta tashi da ƙarfi. In ta wuce nan tana neman jan layi na 120, kashe esi, ka buɗe hita har ƙarshe don ta ja zafi daga injin, ka sauka gefen hanya ka kashe mota. Jira aƙalla minti 30. Kada ka buɗe murfin ruwa da zafinsa, kada kuma ka yarda wani ya sheƙa wa injin ruwan sanyi.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu: cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne. A Marsandi wannan cutarwa ce. Tamostat ɗinta aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda kuma yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin kai tsaye. In aka cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagayawa ta gajeriyar hanyar bai ga lagireto ba. Da safe injin ya ƙi ɗumi ya yi ta shan mai, da rana a kan doguwar hanya kuma ya yi zafi. In tamostat ya lalace, a sa sabo.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ƙanzo a cikin lagireto, suna kuma cin alminiyom. Haɗa ruwan sanyaya injin da tataccen ruwa rabi da rabi, ka nemi wanda aka rubuta lambar amincewar Mercedes 325.0 a jikin galan ɗinsa, ka sabunta shi duk shekara 2 zuwa 3.

Da safe kafin a tayar da mota, duba waɗannan da hannunka. Matsa tiyo-tiyon ruwa: wanda ya kumbura, ko ya yi laushi kamar ɗanyen fata, ko ya bushe yana tsagewa, ya gama aiki. Dubi wuyan lagireto na sama inda babban tiyo ke shiga. Filastik ne, in ya koma ruwan ƙasa-ƙasa to ya gasu, kuma yakan karye ba sallama. A injin mai silinda 6, juya babbar fanka da yatsa: in ta ɗan yi tauri ta tsaya, kulocinta na da rai, in ta yi ta wulwulawa kamar ba a ɗaure take ba, ya mutu. Dubi robar murfin tankin ruwa, don murfin da ba ya riƙe iska yana sa ruwa tafasa da wuri. In za ka sayi sabo, ka duba lambar da ke kan tsohon, 120 ko 140. Bayan hunturu kuma a wanke haƙarƙarin lagireto da na esi da ruwa mara ƙarfi, don ƙura da ciyayi suna cushewa a tsakaninsu.

Baƙin mai da yoyo

A yanayinmu na zafi da ƙura, ni ina juye baƙin mai duk kilomita 5,000 tare da filta, ko duk wata 6 in motar ba ta yawan fita. Tsofaffin injinan nan suna zaman lafiya da 15W-40, wanda ya sha jiki kuma da 20W-50. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne man ya zama na gaske. Saye shi a rufe daga dillalin da ka yarda da shi, a buɗe galan ɗin a gabanka.

Waɗannan motoci suna da allurar ƙarfin baƙin mai da ta tsaya a lamba 3. Da ka tayar da sanyi ta haye 3. In injin ya yi zafi yana tsaye, tana iya saukowa ƙasa sosai, ba laifi ba ne, matuƙar da ka taɓa totur za ta koma sama nan take. In ka taka ta ƙi tashi, kashe mota a wurin.

M103 da M104 an san su da tsattsafar mai ta gaban injin, inda murfin sarƙa ya haɗu da kan silinda, da kuma ta kusurwar bayan gaskit. Kafin a yanke hukunci a wanke injin, a tuƙa kwana 2, sannan a bi ɗigon daga ƙasa zuwa wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Sau da yawa robar murfin sama ce kawai. In kuwa ka ga mai yana yawo a tankin ruwa, ko murfin baƙin mai ya yi kumfa ruwan madara, maganar gaskit ta taso, kuma jinkiri ƙara kuɗi yake yi.

In mota tana fitar da shuɗin hayaƙi da tashin farko na safe sannan ya ɗauke, kada ka yi saurin yarda a sauke injin a yi ringi. A M103 yawanci ƙananan robobin bawul ne suka bushe, kuma ana iya canza su ba tare da an ɗaga kan silinda ba. A fara gwada matsin kowace silinda da ma'auni tukuna.

Fetur da injekta

Yawancin injinan M102 da M103 masu harafin E suna amfani da tsarin Bosch mai suna KE-Jetronic. Iska na shigowa ta danna wani faifai, faifan ya motsa marabar mai, ita kuma ta aika fetur ta siraran bututai zuwa kowace silinda. Tsari ne mai ƙarko, amma yana son abu biyu: mai mai tsabta da ƙarfin famfo daidai. Ramukan da ke cikin marabar nan sirara ne ƙwarai, ɗan datti ko ruwa ya isa ya rikita su. Saboda haka ka guji man galan na bakin hanya sai dole, kada kuma ka riƙa barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, don fetur ne ke sanyaya famfon, kuma dattin shekaru a gindin tanki yake kwance. Famfo da filta suna ƙarƙashin mota kusa da ƙafar baya. In famfon ya fara kuka kamar zuma, a duba filta da rariyar cikin tanki kafin a sayi sabo.

Akwai wani ɗan noti a kusa da marabar mai wanda ke daidaita yawan fetur da iska. Shi ne abin da hannun bakanike mara haƙuri ke fara kaiwa. Kada ka bari a taɓa shi sai an tabbatar fulogi da wayoyinsu, da murfin distiributa da rotarsa, da duk robobin iska lafiya suke. Robar iska ɗaya da ta tsage ta isa ta sa mota rawa a tsaye. In aka murɗa noti don a rufe wannan, an binne cuta ne an ƙara wata. Haka shawarar a cire injekta a ɗora kafireto: mota za ta tashi, amma ƙarfinta da tsimin manta sun tafi, darajarta ma ta faɗi.

Lantarki

Wani hunturu motata ta fara wahalar tashi da safe, tana mutuwa a mahaɗar hanya, ga fitilar ABS a kunne. A garejin farko aka ce mini marabar mai ce ta lalace, sai an sayo wata. Kafin in biya, na kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Marsandi. Bai ɗauki sufana ba, tambaya ya fara yi.

"Malam, fitilar ce ta riga kamawa ko ƙin tashin?"

Na ce, "Baba, kusan rana ɗaya suka fara."

Ya zagaya bayan batir, ya janye wani murfin filastik, ya zaro wata rila mai jan fiyus a kanta. Ya ɗaga fiyus ɗin saitin rana, ya miƙo mini. Zaren cikinsa ya tsinke.

"Ga cutar nan. Amma fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Wa ya taɓa batir kwanan nan?"

Sai na tuna an cire kan batir mota na aiki, wai ana gwada ko caji na shiga. Ya girgiza kai, ya sa yaronsa ya ɗauko mita, ya auna caji kafin ya sa sabon fiyus. Motar ta koma daidai a ranar.

Wannan rila ita ake kira OVP. Aikinta kare kwamfutar injin da ta birki daga wutar da ta wuce kima. In ta mutu mota tana tafiya, amma da ƙyar take tashi da sanyi, kuma ba ta riƙe kanta a tsaye. Darasin da na ɗauka a ranar biyu ne: a fara da abu mai araha kafin mai tsada, kuma in an ga abin da ya lalace a tambayi abin da ya lalata shi.

Sayi ƙaramar mita ka koyi awo biyu. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna wajen bolt 12.6. Mota na aiki, tsakanin 13.8 da 14.4. In caji ya yi ƙasa, sau da yawa gawayin altaneta ne ya cinye, kuma yana tare da ragileta da ake kwancewa da noti 2, ba sai an sayi altaneta sukutum ba. Kada a cire kan batir mota na aiki, kuma a cire shi kafin mai walda ya taɓa jikinta.

Fiyus ɗin waɗannan motoci irin na da ne mai tsini biyu. Bakinsu yakan yi tsatsa, sai ka ga gilashi ya ƙi sauka ko fitila na wasa alhali fiyus bai ƙone ba. Canza su gaba ɗaya da masu zaren tagulla, a goge mazauninsu. Kada a naɗa waya a madadin fiyus, don ta haka mota ke kamawa da wuta.

Masu motocin da aka ƙera daga wajen 1992 zuwa 1996 su kula da wani abu na musamman. A shekarun nan kamfanin ya yi amfani da rigar waya da ke ruɓewa da zafi. Ɗan buɗe damin wayoyin da ke kan injin ka lanƙwasa ɗaya a hankali: in rigar ta farfashe kamar busasshen ganye, wayoyin suna gab da haɗuwa, kuma suna iya kashe kwamfutar injin. Naɗe su da salatif ba ya magani. A sauya damin gaba ɗaya, ko gwanin mai waya ya sake saƙa shi da waya mai jure zafi.

Giya da furofela

Giyar otomatik mai hawa 4 da ke yawancin waɗannan motoci tana da juriya in ana canza mata mai da filta duk kilomita 60,000. Ana auna manta ne mota na aiki, ta yi ɗumi, a wuri mai daidai, giya a P. Ja ne mai haske. In ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, ta sha wuya. Da yawansu da giya ta 2 suke tashi in ba ka taka sosai ba. Haka aka yi su, kada a ce maka lalacewa ce.

In tana buga giya da ƙarfi, a fara duba siririn bututun iska da ya taso daga injin zuwa gefenta. In man giya na raguwa ba ɗigo a ƙasa, ga farin hayaƙi a salansa, robar cikin na'urar da bututun ya shiga ce ta fashe, injin na zuƙe man. Gyara ne ƙarami da ake yawan mayarwa babba. Masu giya mai hawa 5 ta lantarki, wadda ta zo a tsakiyar shekarun 1990, kada su yarda da cewa manta na har abada ne. A canza shi, a kuma duba soket ɗin wayarta, don yakan yi yoyo man ya bi waya har cikin kwamfuta. In mota ta mutu a nesa, ɗora ta a kan babbar mota ya fi jan ta da igiya.

A kowane ƙarshen furofela akwai faifan roba mai kauri. In kana jin "ƙum" lokacin sa giya ko ɗaga ƙafa daga totur, a leƙa su. Wanda ya tsage har zare ya fito a canza shi a ranar, don in ya tsinke a guje furofela na iya fasa giya da ƙasan mota.

Ƙafafu da birki

A W124 da 190, boljoyin na ƙasa a ƙafar gaba yana ɗauke da nauyin mota. In robarsa ta yage, ƙura ta shiga, sai ya bushe ya fara kuka irin na tsohuwar ƙofa idan ana juya sitiyari. Wannan kuka ba na a bari sai an samu kuɗi ba ne. In ya fita, taya kwanciya take yi a cikin mota. A canza biyun tare da na kirki. Sifirin ɗin gaba kuma yana da ƙarfin kashe mutum. In bakanike ba shi da abin matse shi na musamman, kada ya kwance.

Ƙafar baya tana da hannuwa 5 a kowane gefe, ita ce sirrin zaman motar a kan hanya. In bushin ɗinsu ya mutu, za ka ji bayan mota na lilo, tayoyi na cinyewa ta ciki. Idan an sa sababbi, a ɗaure notin ƙarshe bayan an sauke mota a kan tayoyinta; in aka ɗaure tana rataye, robar a murɗe za ta zauna, ba za ta daɗe ba. Daga nan a kai ta a saita ƙafa.

Man birki DOT 4 ne, yana shan danshi, a sabunta shi duk shekara 2. Taya kuma tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi 4: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara 6 ba abin yarda ba ce a kan kwalta mai zafi, ko da zanenta bai goge ba.

Iska da tsatsa

Marsandi tana aiki da zuƙar iska a wurare da yawa: makullan ƙofa, ƙofofin iskar esi, har da kashe injin a masu shan gas. In ka zare makulli injin gas ya ƙi mutuwa, bututun iska ne ya zame ko ya tsage. Buɗe bonet ka danna ɗan hannun da aka rubuta STOP a jikin famfon gas, zai mutu, sannan a bi bututun.

Motocin da suka shigo ta Kwatano daga Turai sun taka gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara. A ɗaga mota a duba ramukan jak, da ƙarƙashin batir, da mazaunin sifirin, da gindin but. Kafin damina a zura waya mai laushi a buɗe magudanan ruwa na ƙasan gilashin gaba da na rufin da ke buɗewa, don ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin kafet yana cin ƙarfe da waya a ɓoye.

In ta ƙi tashi

Kada ka yi ta murɗa makulli har batir ya mutu. Tsaya ka bi ta daki-daki. In ba ta juya injin ba sam, duba kan batir ko ya saki ko ya yi fari, sannan ka mayar da giya N ka gwada. In ta tashi a N, makunnin da ke gefen giya ne. In ka ji "ƙyas" ɗaya fitilu suka dushe, batir ne. In ba su dushe ba, kik ne ko wayarsa.

In tana juyawa ba ta kamawa, kashe rediyo, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka kasa kunne ta baya. Ya kamata ka ji famfon fetur ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa ɗaya. In shiru, rilar famfo ce ko famfon. In ya yi, a duba wuta a fulogi. In babu, a bi murfin distiributa, da kwayil, da na'urar da ke karanta juyin injin a bayansa. Wadda ke tashi lafiya da sanyi amma ta ƙi bayan an tsaya shan mai ko salla, yawanci ƙarfin fetur ne ke zubewa, sai a duba ma'ajiyar matsi da ke kusa da famfo. Wadda ke mutuwa in ta yi zafi ta tashi in ta huce, a fi zargin rila ko waccan na'ura ta bayan injin. Ko ba kai za ka gyara ba, bayanin da ka kai gareji shi ne rabin aikin.

Kayan gyara da mai gyara

Ko a Ƙofar Ruwa kake saye a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, tafi da tsohon kayan a hannu da lambar da ke jikinsa, wadda ke da lambobi 10, sau da yawa da harafin A a gaba. Kamfanonin da suka yi wa Mercedes kayan asali suna sayarwa da sunansu: Bosch a lantarki da fetur, Lemförder a ƙafa, Behr a lagireto, Mann da Mahle a filta, ATE a birki, Sachs da Bilstein a shokazoba. Ana kwaikwayon kwalayensu, don haka dillali amintacce ya fi kwali mai kyau.

Ƙofa, fitila, kujera, aksil, har injin sukutum, ana iya sayen na gwanjo. Amma duk abin da yake roba ne, ko na birki, ko boljoyin, ko tamostat, ko famfon ruwa, sabo za ka saya. Robar gwanjo sa'ar wadda ka cire ce.

Wajen zaɓen bakanike, nemi wanda Marsandi ce sana'arsa, ka lura da yadda yake karɓar mota. Na kirki yana tambaya, yana aunawa, yana nuna maka abin da ya lalace, yana mayar maka da tsohon kaya. Wanda ya ce a sayo wannan a gwada, in bai yi ba a sayo wancan, da aljihunka yake koyon aiki. In ka samu na kirki ka riƙe shi, ka biya shi hakkinsa ba ja-in-ja, ka kuma gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ko da kai ne ka tuƙa ta da zafi har gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙarshen kowane wata kuma ka ware wa motar wani abu ko ba ta nema ba, don gyaran da ake ɗagawa saboda rashin kuɗi shi ne ke haifar da wanda ya fi ƙarfin aljihu.

Kafin doguwar tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka je gida da Salla, kai mota gareji da saura mako 2, don abin da aka taɓa ya samu kwanakin nuna halinsa a cikin gari. A but ka ajiye fambel, da fiyus, da rilar famfo, da galan na ruwa, da litar baƙin mai, da tocila, ka kuma tabbatar safaya na da iska.

Sauran kwanakin shekara kuwa, minti 5 ne kawai a ranar da ka zaɓa cikin mako. Ka fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka durƙusa ka dubi ƙasan da ta kwana. Ka buɗe bonet, ka zaro sandar mai ka goge ka mayar, ka dubi ruwa, ka matsa tiyo, ka shinshina ko akwai warin fetur. Ka tayar da ita gilashi a sauke, rediyo a kashe, ka saurara har allurar mai ta hau 3. Abin da ka gani ka rubuta a littafin nan. Ranar da wani abu ya sauya, kai za ka fara sani, tun yana ɗigo ɗaya a kan siminti.